Shekarar da 'Yata Ta Yi Tana Zuwa Gaisuwa

'Yata ta fari a birnin Guangzhou na ƙasar China ta yi wayo. Da ta gama sakandare sai ta ce jami'ar jiharmu take so, can gida. Kuɗin makarantar iri biyu ne. Na 'yan jiha da sauƙi, na baƙi kuwa ya fi ƙarfin shagonmu na mayafai da ke kasuwar Tianxiu, don kasuwa ta kwanta a shekarar. Dole sai da takardar shaidar 'yar jiha, ita kuma ba ta fita sai mai unguwa ya sa hannu.

Ni da na tashi da karatun littattafan soyayya har na gama tsara yadda za a yi: dattijo zai ga fuskarta a waya, ya tuna kakanta, idonsa ya ciko da ƙwalla, ya ce a miƙo biro.

Yayata da ke can gida ce ta kai masa wayar har zaure. Mu muna shago da la'asar, can hantsi ne.

Na ce, "Ranka ya daɗe, jikar mai ɗinkin hula ce, na bakin masallaci."

"Na san shi, Allah ya jiƙansa. Ke ma na san ki, Hajiya. Ita ce ban sani ba. Bara an yi rasuwa a layinku, wa ya zo daga gidanku?"

"Mun aiko da saƙo."

"Ya iso. Amma ban ga kowa a kan tabarma ba."

Maƙwabcin shagonmu, wani ɗan Maraɗi, yana jin komai. Ya leƙo yana dariya, ya ce, "Meyo ke nan, Hajiya," wato babu, yadda 'yan China ke sallamar mai saye.

Haka muka tura yarinyar wajen yayata, ta zauna shekara guda ba karatu. Aikinta shiga mutane: suna, biki, dubiya, gaisuwar rasuwa. Da farko takan kira ni tana kuka.

"Umma, yau ma gidan rasuwa za mu, ko sunan mamacin ban sani ba. Me zan ce?"

"Ki durƙusa ki ce ya haƙuri, ki samu gefe ki zauna. In an tashi wanke-wanke ki tashi."

Daga baya kukan ya ragu, kiran ma ya ragu. Ranar da ta koma zauren, mai unguwa bai tambaye ta komai ba. Matarsa ta riga ta ba shi labarin yarinyar China mai wanke tukwane a gidan suna. Ya sa hannu, ta shiga jami'a a kuɗin 'yan jiha.

Da hutun farko ya matso na gyara mata ɗakinta a gidanmu na unguwar Dengfeng, na sa sabon labule, na kira ta mu tsayar da ranar tahowa.

Ta ce, "Umma, wannan hutun kam ba zai yiwu ba. Ana bikin 'yar maƙwabtanmu, kuma ni ce babbar ƙawa. In ban tsaya ba, me za a ce da gidanmu?"