Ƙyauren Baba Kofur

Labarin ya same ni yau da safe, ina ɗaura agogo zan shiga zaman majalisa a Birnin Kebbi. Baba Kofur mai gyaran rediyo ya rasu.

Na ce wa direba ya kashe mota. Na ce wa sakatare ya soke duk mitin ɗin yau. Ni Honarabul ɗinku, na zauna bakin gado na kasa sa takalmi.

Ga wanda bai san shi ba, tsohon soja ne, shagonsa na bakin hanyar da ke fita zuwa garin Manga. Ba rediyon ya sa aka san shi ba. Ƙyauren shagon ne.

Tun muna cikin jihar Sakkwato, duk wanda ya nemi kujerar majalisar jiha a mazaɓarmu, yaransa sai sun liƙa fostarsa a ƙyauren nan. Sauran masu shago suna kankarewa bayan zaɓe. Baba bai taɓa kankare ko ɗaya ba. Sabuwa kan tsohuwa, sitaci kan sitaci, har ƙyauren ya yi kauri ya daina rufuwa sai an sa masa kafaɗa.

In ka zauna a bencinsa, sai ya sa farce ya ɗaga gefen takarda a hankali.

"Ka ga wanga mai jar hula? Zamanin da ake yin layi bayan hoton mutum ne. Ba ɓoyo. Surukina na wancan layi, ni ina wanga, muna kallon juna."

Ya ɗaga wata. "Wanga malamin makaranta ne. Mutanen kan dutse sunka bi shi, cikin gari sunka ƙi. Ya ci. Zagaye na biyu ya canza riga, ya koma wata jam'iyya, mu ma munka canza shi."

Haka zai bi da kai, daga lokacin layi zuwa dangwala yatsa, zuwa na'urar nan da ta ƙi gane yatsansa don ƙarfen solda ya cinye zanen. Wanda ya ci da wanda ya faɗi, duk wuri ɗaya ya ba su. In ka tambaye shi wa ya zaɓa, sai ya ce soja ba ya faɗin inda ya ɓuya.

Ba ya karɓar komai in tsohuwa ta kawo rediyo. Da azumi, shi da ke zuwa coci, ba ya cin ko gyaɗa a bakin shago sai an kira magariba.

Yanzu akwai maganar da ofishina ya daɗe yana bincike a kanta, kuma yau zan faɗe ta.

Jikin shagon Baba akwai wani mai faci, Sanusi. Yaro mai basira, mai kyan gani kuma, kowa ya shaida. Allo kawai ya yi, amma abin da ya ji sau biyu ya zauna. Shekara bakwai yana jin tarihin ƙyauren nan kullum. Ka tashe shi daga barci ka ce wa ke ƙarƙashin fostar mai gilashi, zai gaya maka, har da unguwar da ta juya masa baya. Shi ke ɗaga wa Baba ƙyauren da safe. Shi ya rufe shi da leda shekarar da ruwa ya yi gyara.

Sai ga Bulus.

Bulus ɗan makwabcin Baba ne, ya gama kwaleji ya dawo da biro uku a aljihu. Zuwansa biyu, biyu tak, Baba ya saya masa littafi mai bango ya ce, "Zauna ka rubuta, kada abin ya bi ni rami."

Ya ba shi kujerar roba. Shekara bakwai Sanusi a kan tsohuwar taya yake zama.

Sanusi ya ce, "Baba, ni fa?"

Baba ya ce, "Kai ɗan banza, in na ba ka tarihi sai ka ƙara masa gishiri. Jiya ba kai ka ce wa mai kifi an ɗage zaɓe ba?"

To an faɗa, amma ai wasa ne.

Kullum da hantsi Bulus zai zo ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yana cewa, "Baba, maimaita, ban kama ba." Abin da Sanusi ya kama yana tsakiyar cire tayar tifa. Har Mama Saratu, matar Baba, ta koma aiko da kunu kofi biyu, na Baba da na marubuci. Ofishina ya tabbatar ba a taɓa aiko da na uku ba.

Abin ya ci Sanusi. Wata Laraba ya ari wayar wani direba, ya zagaya bayan shago, ya sa hankici a baki ya kumbura murya.

"Salamu alaikum, Kofur? Honarabul ke magana. Na ji labarin ƙyaurenka. Asabar ina nan tafe in gani da idona. A ce wa marubucin nan ya sa kwat."

Allah Ya sani, Bulus aka nufa. So ake a gan shi cikin kwat da laktaye yana narkewa a rana.

Asabar ta zo. Bulus ya sa kwat ɗin, ya tsaya awa ɗaya, ya ce yana da uzuri ya tafi.

Baba ne ya zauna.

Ya fito da kakinsa na soja, an goge shi har yana tsayuwa da kansa. Ya maƙala lambobinsa. Ya share gaban shago, ya goge ƙyauren da tsumma. Mama Saratu ta yanka zakaranta. Duk motar da ta rage gudu sai ya miƙe ya gyara hula. Tun hantsi har la'asar.

Ina kallo ta ƙarƙashin wata mota, na kasa fitowa. Wato Sanusi yana kallo. Haka rahoton ya ce.

Sati uku yaron nan bai gaishe shi ba. Ya juya injin iskarsa ya ba shagon baya. Da safe Baba shi kaɗai yake kokawa da ƙyauren.

Ranar Litinin da ta wuce sai ga Baba ya turo kekensa.

"Kai, duba mini wanga taya."

Sanusi ya cire tub, ya hura, ya tsoma a ruwa. Ya juya, ya sake juyawa. Ko kumfa ɗaya.

"Baba, ba huji."

"Na sani. Ina kwana, Honarabul?"

Tub ɗin ya faɗa cikin baho.

"Tun sallama na gane ka. Wane Honarabul ne zai kira ni injin iska na ruri bayansa?"

"To Baba, don me ka sa kaki? Don me ka bari Mama ta yanka zakara?"

Ya zauna kan tayar nan tawa, ya miƙe ƙafarsa mai ciwo.

"Shekara nawa ina gadin fuskokinsu. Ba wanda ya taɓa kirana, kuma ban ga laifinsu ba, ina za su samu lambata? Na ce ko na ƙarya ne, bari in ji yadda jiran yake. Da daɗi, ka sani. Zakaran kuma dama ya dame mu da cara."

Ya yi dariya har da tari. Ni ban yi ba.

Na ce, "Baba, ƙyauren fa? In ka gaji da shagon, wa za ka ba?"

"Na Bulus ne."

Ko ɗan jinkiri bai yi ba, ko don in ji sanyi.

"Shi sai ya duba yake tunawa. Kai naka na cikin kai."

Wannan wayon tsofaffi ne, na gane shi sarai. A ba wani nama, kai a yaba haƙoranka. Ni ƙyauren nake so.

Da zai tafi ya riƙe kan keken ya juyo. "Tara ɗaya zan ci ka. Ranar da na tafi, ina son ta'aziyya daga Honarabul. Da babbar muryar nan. Kada ka yi mini rowa."

Na ce, "Haba Baba, sai ka ga zaɓe uku nan gaba."

Bai ga Litinin ta gaba ba.

To jama'a, na ga wasu har sun fara rubuta "Allah Ya ƙara girma, ranka ya daɗe" a ƙasa. Ku dakata. Ba direba, ba sakatare, ban taɓa taka ƙofar majalisa ba. Agogon ma babu. Ni ne Sanusi mai faci, ina zaune kan taya, wayar ma fuskarta a fashe. Honarabul na gaske bai san da wannan rubutu ba, kada wanda ya je ya dame shi.

Tarar Baba nake biya.

Ɗazu Mama Saratu ta ce a cire ƙyauren kafin a kafa rumfar makoki, kada yara su yayyage shi. Bulus ya zo da sukundireba, idonsa jawur, ya kasa kwance ko ƙusa ɗaya. Ni na kwance. Ni na kama gaba ya kama baya, muka kai shi har ɗakin Bulus ɗin. Nauyi kamar buhun dawa biyu.

Da muka jingina shi ya ce, "Sanusi, akwai fuskoki wajen shida a can ƙasa da ba mu kai gare su ba. Ban san ko su waye ba."

Na san su. Har da wanda akuya ta cinye rabin fuskarsa.

Na ce sai bayan an binne Baba. Zan zauna in faɗa ya rubuta, kuma ba zan ƙara gishiri ba, na yi alkawari gaban ƙyauren. Amma a kujerar roba zan zauna. Shi ya nemi taya.

Har yanzu ina jin haushin abin, ba zan yi muku ƙarya a ranar mutuwa ba.

Allah Ka ba Mama Saratu da 'ya'yanta haƙurin wannan rashi, Ka tsaya musu. Allah Ka yafe mini wunin Asabar ɗin nan. 'Yan'uwanmu na coci, gobe ku yi masa addu'a da kyau, ku ɗaga murya. Sauran duk wanda ya karanta, ya sa iyalinsa a addu'a, ya sa mu da muka rage a bakin hanyar nan.

Baba, ga ta'aziyyarka. Honarabul ya zo, a makare.