Kabad na Huɗu

Shekara talatin da ɗaya Gwaggona ta yi a ɗakin ajiyar busassun tsirrai na kwalejin, tana danne ganye a tsakanin tsofaffin jaridu, idan ya bushe ta liƙa a kwali ta jera a kabad. Firamare kawai ta yi, amma manyan malamai idan ganye ya ɗaure musu kai wurinta suke zuwa, suna wayancewa da gaisuwa. Ni mai buga takardu ce a ofishin da ke kusa, kuma ni kaɗai na san idonta ya fara hazo. Ta rantsar da ni kada in faɗa, don ranar da aka gane, ranar za a sallame ta.

Tana dawowa daga hutun sati biyu, sabon shugaban sashe ya shigo da ɗalibai, riƙe da reshe mai fure shunayya da 'ya'ya, da guntun saiwa. Ɗaliban suka ce dangin wake ne, tunda a furen ga fiffike biyu ga ɗan kwalekwale a tsakiya.

"Baba, ke me kika gani?" in ji shugaban.

Gwaggo ta karɓa, ta lalubi 'ya'yan da yatsa, ta kankare saiwar da farce ta kai hanci.

"Kama da wane ba ta wane, 'ya'yana," ta ce. "Wake kwasfa yake yi. Wannan ƙwaya ɗaya ce da fiffike guda. Ku shinshina, ba ku ji warin man zafi ba? Bishiyar sanya ce, danginta daban."

Ɗalibai suka yi ta miƙa wa juna saiwar suna atishawa. Shugaban ya ji daɗi, ya ce ta ɗauko musu 'yan'uwan sanyar su kwatanta.

Ta taka ba gargada, ta ƙirga kabad da tafin hannu, ta buɗe na huɗu kamar kullum, ta zaro kwali ta ajiye a gabansa. Ba wanda ya gaya mata an sake jeri tana hutu. Ni ma da na buga sababbin sunayen da hannuna, na manta, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Wake ne a kan kwalin, da kwasfarsa zaro-zaro.

"To ku duba da kyau," in ji Gwaggo, tana murmushi, "ku gaya mini ina wannan ya yi kama da wake."