Kunyar 'Yar Fari

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Gwaggo Talatu, ƙanwar mahaifina, wadda ta tsufa tana aikin walwalar jama'a a ƙauyukan da ke tsakanin Malumfashi da Funtua. Karatunta bai wuce firamare ba. Ni ce na je na yo difloma a fannin, aka turo ni ofishinsu, ta laƙaba mini "Malama mai littafi" a gaban kowa.

Yanzu ana ta musu ko karatun nan na ƙara wa mai kula da yara wani abu. Da tana raye, dariya za ta fara yi. Gwaggo takan shiga gida ta ce a ba ta ruwa, kafin ta ajiye kofi ta gane yaron da ake bari da yunwa. Ba a koya mini wannan a aji ba. Amma na san dariyar ba za ta yi nisa ba, don akwai abin da ni da ita muka sani.

Wata kaka, ana cirar auduga, ungozomar wani ƙauye bayan Gozaki ta aiko cewa mu zo mu ga wata mai jego, haihuwar fari. Muka tarar jaririya na kuka a gado, uwar ta juya mata baya. Nono ma sai surukarta ta yi faɗa take ba ta. Na tuna an koya mana akwai ciwon damuwa da ke kama mace bayan haihuwa, har ta kasa kula da abin da ta haifa. A hanya na gaya wa Gwaggo.

Ta ce, "Ke dai da littafinki. Kunyar 'yar fari ce. Uwarki ta taɓa kiran sunanki?"

Ba ta taɓa ba, don ni ma 'yar fari ce. Sai na bar maganar, alhali na ga idon mai jegon. Mai kunya takan saci kallon 'yarta idan hankalin mutane ya ɗauke, wannan kuwa bango take kallo. Na lallashi kaina da cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Gaskiyar ita ce na ji nauyin ja da wadda ta goya ni. Na rubuta "lafiya lau" a rahoto.

Bayan sati uku muka koma, aka ce shekaranjiya aka kai jaririyar makwancinta. Ta rame har ta daina kuka.

Muka shiga mota, Gwaggo ta juyo ta dube ni. Ta ce, "'Yata, ciwon nan da kika faɗa, karanta mini shi." Na karanta, ina juya mata da Hausa, tana share ido da bakin mayafi. Daga ranar har ta yi ritaya, duk gidan jegon da ta shiga sai ta sallami kowa, ta zauna da uwar su biyu. Matan da ta raka asibiti, Allah kaɗai ya san yawansu, kuma 'ya'yansu na nan suna girma.

Abin da ya rage mini nata ke nan: tsohuwa mai furfura ta roƙi ƙaramarta ta koya mata. Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata. Ita rashin sani ne ya kayar da ita, kuma an ce ya fi dare duhu. Ni na sani, kuma sa hannuna ne a kan takardar.