Na Ce Uwarta Tana Cikin Gari

Assalamu alaikum, masu wannan mujalla. Ni tsohuwa ce, ban yi boko ba, matar jikana ce ke rubuta abin da nake faɗa, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana. Lokacin da abin nan ya faru ni mai kitso ce a wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari, haihuwata uku, Turawa kuwa sun yi kamar shekara ashirin da zama a ƙasar. Maigidana falke ne, yana kai hatsi arewa a kan jakuna ya dawo da kanwa da manda, sai ya yi watanni ba a gan shi ba. Ni kuma babu gidan da ba na shiga a garin. An san ni da kaifin ido da rashin wasa, an kuma san ni da kunya, har iyaye mata kan ce wa amare su yi koyi da ni. Ina jin daɗin wannan yabon, ba zan ɓoye ba.

'Yata ta fari tana da kamar shekara takwas a lokacin. Tun da aka yaye ta aka kai ta ɗakin kakarta, uwar mijina, wadda muke ce wa Iya, kamar yadda ake yi. Ban taɓa kiran sunanta ba, sai dai in ce ke, ko yarinyar nan. Ita ma Yaya take ce mini. Na kitsa kan kowace yarinya a garin ban da nata. Iya ce ke yi mata, a karkace, yarinyar kuwa da bakinta kamar reza sai ta zo inda nake aiki ta tsaya, ta ce da ƙarfi don tsohuwar ta ji, wai kitson kanta ya yi kama da hanyar jakuna. Iya ta ɗaga murya daga ɗaki ta ce ja'ira, in ya so ta je ta nemi wata kakar a kasuwar Maigatari. Kowa ya yi dariya, ni kuwa in sunkuyar da kai kamar ban ji ba.

Bayan girbi wani zazzaɓi ya shigo mana, aka ce fatake ne suka kwaso shi daga arewa. Mutum zai kwanta jiki kamar garwashi, kai na sara, ido ya yi rawaya, wani har da haɓo. Sai ya yi gumi ya miƙe, a yi ta barka, bayan 'yan kwanaki kuma ya sake faɗuwa. Muka riƙa ce masa mai komowa. A komowar ne yake ɗaukar mutane. Ana cikin haka wani likita Bature ya sauka a rumfa bayan gari, tare da malaminsa, wani mutumin Kano mai farar riga. Mai gari ya tara jama'a ya ce wasu masu arziki can ƙetaren teku ne suka ba da dukiya don a binciko cutar a cikin jini, saboda haka kowa ya ba da haɗin kai. Maza suka ce sun ji, amma ba baƙon da zai shiga musu gida. Shi ne mai gari ya aiko aka kira ni, ya ce ni na san ɗakin da ake kwance a kowane gida, kuma in na yi magana mata za su saurara. Na karɓa, har ina ganin an girmama ni.

Haka na riƙa shiga gaba, malamin na bina da akwatinsa. In fito da mara lafiya zaure, ya huda yatsa, ya shafa ɗigon jinin a wani ɗan siririn gilashi, ya kai wa likita ya duba a madubinsa mai ƙara girman abu. Ba sa son jinin sai jiki ya yi zafi, wai a lokacin ne ƙwayar cutar ke fitowa fili. Matan da suka ji tsoro ni na lallashe su. Na ce musu jinin da wanzami ke zuƙa da ƙaho ɗaya ya fi wanda za a ɗiba a gari guda, kuma magani na biye. Da bakina na faɗa, ban kuwa tambayi kowa ba kafin in faɗa. Maganin yana nan, gaskiya ne. Allura ce ake yi a jijiyar hannu, duk wanda aka yi wa kuwa zazzaɓin ba ya komo masa. Amma idona ya lura ba kowa ake yi wa ba. An yi wa gidan mai gari, an yi wa gidan liman, an yi wa ɗan wani mahauci da ya tsaya a bakin rumfa yana ta da jijiyar wuya. Wasu kuwa sai hudar yatsa kawai, yau a huda, in ya komo a sake hudawa.

Ran da yarinyar ta kwanta, ni na kai malamin zauren Iya. Ya ɗebi jinin, ya dube ta, ya tambaye ni 'yar wa ce. Iya na zaune a gefe tana yi mata fifita, ga maƙwabta biyu a tsaye. Na ce jikar tsohuwar ce. Ya ce ina ubanta, na ce ya tafi fatauci. Ya ce uwarta fa. Jama'a, yarinyar tana kallona da idanun nan nata da suka yi rawaya, na buɗe baki na ce uwarta tana nan cikin gari. Iya ta ci gaba da fifitarta, don ita ma a ganinta rufa mini asiri take yi. Malamin ya gyaɗa kai ya rufe akwatinsa. Ba a yi mata allura ba.

Ta yi gumi ta tashi, ta rame kamar kara, har ta fara tsokanar kakarta, sannan zazzaɓin ya komo. Aka sake hudar yatsa. A hanya na tsare malamin na ce ya gaya mini gaskiya, me ya sa ake yi wa wasu a bar wasu. Ya yi 'yar dariya ya ce Yaya mai kitso, ke dai ba a ɓoye miki abu. Ya ce allurar ba ta da yawa, kuma likita yana bukatar wasu da zai bari ya ga yadda cutar ke tafiya ta komo a cikin jininsu, don shi ne abin da waɗanda suka aiko shi suke son sani. In an yi wa kowa allura, me zai duba? Na ce to da me ake zaɓen waɗanda za a bari. Ya ce ai ba zaɓe ake yi ba, ana dai duba inda ba za a yi rigima ba. Nan ya kamata in kama rigarsa. Maimakon haka na ce, to yarinyar gidan tsohuwa ta galabaita, a taimaka mata. Ya ce in sha Allahu, da zarar ya komo mata sau ɗaya kuma aka ɗebi jinin, za a yi mata. Na ce to. Ni da ake tsoron bakina a garin, abin da na iya faɗa ke nan.

Komowa ta gaba ta zo da haɓo, jini ya ƙi tsayawa. Da hantsi na tafi rumfa da gudu, ko mayafi ban ɗauka ba. Na tarar da malamin shi kaɗai yana ɗaure kaya, ya ce likita ya wuce Gumel tun jiya da akwatin allurar, daga can za su nufi wajen Sule Tankarkar. Na ce masa yarinyar nan ni na haife ta, 'yata ce ta fari. Ya saki igiyar da ke hannunsa ya ce haba Yaya, me ya hana ki faɗa tun farko, ai da ranar nan aka yi mata. Wannan maganar ita ce har yau take tafasa mini zuciya. Wato da ya san tawa ce da an yi mata. To da ba tawa ba ce fa? Ita 'yar da ba a ga uwarta ba, jininta ruwa ne? Sauran da aka bari, marayu da tsofaffi da 'ya'yan matafiya, waɗanda ni na fito da su zaure da hannuna, su ba mutane suka haife su ba?

Jakunanmu duk suna arewa. Na koma zauren Iya na sunkuya na goya yarinyar, abin da ban yi ba tun yaye, na ratsa tsakiyar gari da ita mutane na kallo. Na kama hanyar Gumel cikin yashi, ƙafafunta na bugun cinyoyina. Ta ce Yaya, ina za mu. Na ce asibiti, na kira sunanta. Ta ce ashe na san sunan. Ba mu kai rabin hanya ba na ji ta yi nauyi. Na sauke ta a gindin wata aduwa na zauna, har wasu masu raƙuma suka zo suka taimake ni muka juyo.

Ba a yi sadakar uku ba na ji mata na ƙus-ƙus, wai na zubar da kunya, na goya 'yar fari a bainar jama'a, ko dai zazzaɓin ya taɓa mini kai. Malamin kuma ya dawo garin ya zo gaisuwa, bayan ya shafa fatiha ya matso ya ce likita na son sanin ranar da zazzaɓin ya komo mata, don ya cika bincikensa. Na ce ya je ya tambayi gilashinsa, kuma in ya sake taka ƙofar gidan sai na fasa masa kai da taɓarya. Daga ranar ban sake shiga gaban kowa zuwa ɗakin mara lafiya ba. Abin da suka gano a jinin 'ya'yanmu, babu wanda ya dawo ya gaya mana. Wataƙila ya amfani wasu a wata ƙasa. Mu dai an ɗiba an tafi.

Abin da ya sa na ce a rubuta wannan, na ji an karanta a mujallarku cewa ana yawo ana gwada jinin yara saboda cutar amosanin jini. Ban ce kowa ya ƙi ba. Na ga allura ta tashi wanda muka fid da rai da shi, kuma da gwajin jini aka san cutar da za a yi wa allurar. Amma kafin ki miƙa yatsan ɗanki, ki tambaya me za a yi da jinin, wa zai dawo miki da amsa, kuma in an ga cuta za a yi magani ko kallo za a tsaya yi. In suka yi miki dariya, ki janye hannun. Ku kuma da ake sa ku gaba don mutane sun yarda da ku, kada ku yi alkawari da bakinku kan abin da ke cikin akwatin wani. Kunya ado ce a tsakar gida, amma kunyar mara kunya asara ce. Duk ranar da baƙo ya tsaya a kan ɗanki ya tambaya na wane ne, ko na fari ne, ko surukai sun cika zauren, ki ɗaga murya ki ce naki ne.