Ranar da Kaka ta durƙusa mini

Jiya ina sauka daga motar Ɗambatta na shiga gida, sai kakata, Hajiya Yalwa, ta tuɓe takalmi ta durƙusa a gabana. "Allah ya gafarta Malam, alƙali ya iso!"

Kunya ta kama ni. Na ce, "Kaka, don Allah tashi. Digirin shari'a kawai na gama. Saura shekara guda a makarantar horar da lauyoyi, sai na ci jarrabawa a rantsar da ni. Alƙalanci kuwa sai an daɗe ana aiki. Ni tsoron jarrabawar ma ya sa nake tunanin haƙura."

Ta harare ni. "Haƙura? Zamanin Turawa, da aka yi shari'ar gonar babana, a bakin zauren alƙali aka bar ni don ni mace ce. Baffana ya shiga ya yi magana da sunana, ya fito babu gona. Ke an ce ki shiga, kina kawo mini zancen tsoro? To, ba zan tashi ba sai kin ce za ki."

Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa. Na ce, "Za ni, Kaka."

Tsoron bai tafi ba, amma jikar Yalwa ce ni. Ku fa, wa ya taɓa tsaya muku haka a kan karatu?