Na'Allah da Audugar Jirgin Ruwa

Zailani yana tsaka da ɗinkin katifa a rumfarsa ta unguwar Hausawan Fatakwal, sai Gimba, ƙanin Na'Allah, ya tsaya a kansa ba ko sallama. Ya ce, "Yaya ya cika." Zailani ya yi salati, ya ajiye basilla.

Na'Allah mutumin Zariya ne, tun yana saurayi yake aiki a ɗakin injin jiragen ruwa. Da yaƙin basasa ya ɓarke tare suka gudu Arewa da amininsa Zailani, mutumin Kano, da aka gama kuma mota ɗaya ta dawo da su. Lokacin da arzikin mai ya buɗe, manyan jirage na neman hanya, ga matattun jirage sun tare kogi. Wani kamfani ya karɓi aikin yanka su, ya ɗora Na'Allah a kan masu yanka. Allah sarki, mutum mai sanyin murya, ba ya sa loma a baki sai ya ga leburorinsa sun samu.

Bututun jiragen nan a naɗe suke da wani farin abu mai laushi. Mutanenmu suka ga ya yi kama da audugar rimi, leburori suka riƙa kwaso shi buhu-buhu, Zailani yana haɗawa da tsumma yana cusa wa katifu da matasan kai. Har yabonsa ake, wai kuɗin cizo ba ya zama a ciki.

Ran nan wani jami'in lafiya ya zo filin yanka. Ya ce sunan abin asbesto, ƙurarsa tana cin huhu a hankali, kuma doka ce a jiƙa shi kafin a taɓa, a ɗinke a buhu, a binne inda hukuma ta ware. Wasu suka gyaɗa kai suka ci gaba da abinsu, don jiƙawa tana jan aiki. Na'Allah ya bi dokar, kuma bai tsaya nan ba, ya zarce rumfar Zailani.

"Bakano, gidaje nawa ka kai wa wannan abin?"

Zailani ya yi dariya ya ce, "Bazazzagi, yau kuma likita ka zama?"

"Yara ke kwana a kai, Zailani."

Daga ranar, kullum bayan la'asar suna tafe gida-gida da amalanke. Mata suka sa wa Na'Allah suna Mai Ƙwacen Matashi. Tsohuwa Tani ta biyo shi da muciya, ta ce tunda ta zo garin nan ba ta taɓa barci mai daɗi ba sai a katifar nan. Washegari ya ɗauko tasa ta rimi ya kai mata, shi ya koma tabarma.

A haka suka tattaro duka, sai ɗaya: katifar auren wata mai suna Sakinatu, wadda mijinta ya ɗauke ta suka koma unguwar Fegge a garin Anacha. Kafin a gano gidan, tarin da ya daɗe yana damun Na'Allah ya kwantar da shi a asibiti. Duk wanda ya je dubiya, sai Na'Allah ya tambaye shi ko an samo katifar.

Zailani ya ɗinka sabuwa, ya ɗaure ta a saman mota ya tafi. Ya sha yawo a Fegge kafin wani mai sayar da albasa ya nuna masa ƙofar. Ya tarar da jaririya kwance a kan tsohuwar katifar. Ya musanya, ya dawo da ita a jiƙe, aka binne, sannan ya nufi asibiti da laka a ƙafarsa.

Na'Allah ya buɗe ido da ƙyar. "Ka samo ta?"

"Na samo, aminina. Tana ƙarƙashin ƙasa."

"Ka jiƙa kafin ka ɗauka?"

"Sharkaf. Direba har zagina ya yi."

Na'Allah ya yi murmushi, ya riƙe hannunsa ya ce, "Ashe Bakano yana jin magana. Ɗan ɗaga ni, yanzu kam zan iya barci."