Uwar Aji a Bakin Ɗakin Kare Kundi

"Uwar Aji, yau fa ake yin ta!" A bakin wani ɗalibi na fara jin sunan, ranar da na raka Yayana jami'a zai kare kundin digirinsa na biyu.

Tana zaune a ƙarshen benci, furfura ta leƙo ta gefen ɗankwali, tabarau na rataye a wuyanta. Kundin na kan cinyarta, amma ba ta buɗe shi ba. Bango take kallo, leɓɓanta na motsi. Takan ɗaga yatsa kamar mai tsawata wa yara, sai kuma ta sauke shi da sauri. Ina jin shugabar makaranta ce, domin ɗaga yatsan nan sak na marigayiya Gwaggo, wadda malamai ke miƙewa in ta shigo. 

Yaya ya raɗa mini cewa shekarun da jami'a ke ba ɗalibi sun ƙare mata. Ban san abin da ya cinye su ba, ko jinya ce, ko renon jikoki. In malaman da ke ciki ba su gamsu ba yau, shi ke nan.

Ta juyo ta gan ni.

"'Yata, a nan kike karatu?"

"A'a, Mama, a sakandare na tsaya."

"Ya isa." Ta matsa mini wuri. "Zauna ki ɗaure fuska, ki tambaye ni amfanin aikin nan nawa. In na yi kame-kame, kada ki ji tausayin furfurata. Ki ce in sake."